Rakiyar da Ban Yi wa Baba Ba

Shekarun baya kaɗan, lokacin da korona ta sa kowa ya rufe hanci da baki, ina aikin gadi a wani dogon gini na ofisoshi a unguwar Mushairib, a birnin Doha. Yawancinku a matsayin lauya kuka san ni. To a lokacin ma lauyan ne, sai dai lauya mai riƙe da na'urar gwada zafin jiki. Na gama digirin shari'a, na yi makarantar lauyoyi, an rantsar da mu, mahaifiyata ta yi kukan murna ta raba goro da alewa a unguwarmu a Gusau. Daga nan na shekara biyu ina yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce in bar lambata za a neme ni. Da wani ɗan'uwanmu ya ce ana ɗaukar masu gadi a Qatar, ban yi dogon tunani ba. Abin dariyar shi ne har hular nan ta lauyoyi da baƙar riga na shimfiɗa a ƙasan akwati na taho da su Doha. Har yau ban san wa na yi niyyar burgewa da su ba.

Aikina shi ne in tsaya a ƙofa, in ɗora wa mutum na'ura a goshi, in ce ya nuna min wayarsa in ga ko manhajar lafiya ta nuna kore. In kore ne ya wuce, in ba kore ba in ba shi haƙuri da Turanci, in maimaita da Larabci. Idan na tashi sai motar kamfani ta mayar da mu wani tsohon gida a Nu'aija, inda mu shida muke ɗaki ɗaya.

Ana cikin haka na ga sanarwar wata ƙungiyar lauyoyi mai zaman kanta a Abuja, irin masu tsaya wa marasa gata kyauta: ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba, wanda ya daɗe a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba, da 'yan ci-ranin da suka shiga matsala a ƙasar waje. Duk shekara sukan ɗauki matasan lauyoyi 'yan kaɗan su horar da su na shekara guda, wanda ya yi ƙoƙari kuma a riƙe shi. Sun nemi takardun makaranta, da wasiƙun shaida biyu, da rubutu a kan dalilin da ya sa mutum yake son wannan aiki. Da na karanta sai na ji kamar ni kaɗai suka rubuta wa. Na ari kwamfuta a wurin wani abokin aikina, na ce wannan rubutun sai ya sa wani kuka a Abuja.

Akwai wani dattijo mutumin Kumasi, ɗan zango, da kowa ke kira Baba. Direba ne a kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour, shekara goma sha ɗaya yana jan ƙaramar motar wani ɗan kasuwa, yana kai tumatir da albasa gidajen abinci. A masallaci muka haɗu makon da na zo. Shi ya nuna min motar da zan hau, da wadda in na hau sai na tsinci kaina a bayan gari, kuma shi ya ce kar in yarda in sha ruwan sanyi da yawa in na fito daga rana. Hausarsa ta zango ce, wadda mace da namiji duk “shi” ne, kuma nakan tsokane shi a kan haka, shi ma ya ce mu 'yan Najeriya muna magana kamar muna karanta labarai a rediyo. A duk Doha shi kaɗai ne yake ce min Lauya ba da zolaya ba. Sauran 'yan ɗakinmu Barista mai tocila suke ce min.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin kowa da dardumarsa yake zuwa a tsaya nesa da juna, Baba ya yi sallama a ɗakinmu da leda cike da kankana da kokwamba. Ya zauna a bakin gadon da ke kusa da ƙofa, na haɗa masa shayi, ya sauke takunkumi zuwa haɓa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi zafi. Na tambaye shi mutanen gida, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Daga nan na juyo da kwamfuta na ce bari in karanta masa abin da nake rubutawa. Ina karantawa da Turanci ina fassara masa, har ina ɗaga hannu. Na tuna jimlar da na fi alfahari da ita, wai burina in zama kunnen waɗanda ba a saurara.

Baba ya gyaɗa kai ya ce, “Ya yi kyau paa, Lauya. Allah ya sa su ɗauke ka.”

Ya ƙara zama kaɗan, ya shanye shayinsa, ya miƙe ya ce zai koma. Na ce, “To Baba, na gode, Allah ya kiyaye hanya.” Ko takalmi ban nema ba. A raina ina da hujjoji har uku: ga korona an ce a rage cuɗanya, ga rana, ga wa'adin tura takarda ya matso.

Abin da ban sani ba shi ne, a cikin hular Baba akwai takarda a ninke. Wani likita ne a Kumasi ya rubuta ta a kan matarsa da ke kwance, 'yarsa ta turo ta waya, shi kuma ya je shago aka buga masa. Baba ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami da kyau, amma bai yi boko ba. Fasfonsa kuma yana cikin durowar kafil ɗinsa, wato ɗan kasuwar da ya kawo shi ƙasar. Abin da ya kawo shi ɗakinmu ke nan: in karanta masa takardar, in gaya masa yadda zai yi ya isa gida.

Ni kuwa ba baƙon al'adar ba ne balle in ce ban sani ba. A gidanmu na taso na ga mahaifina ba ya barin baƙo ya fita shi kaɗai. Mutum zai zo zaure, a gaisa, a sha fura, a yi hirar damina da tsadar taki, ya ce zai tafi. Sai mahaifina ya saka takalmi ya bi shi. Wani lokaci ya dawo nan da nan, wani lokaci kuma sai an kusa kiran salla, ya shigo fuskarsa a canje, ya ɗauki hularsa ta fita ya nufi gidan wani. Sai da na girma na gane cewa a zaure gaisuwa kawai ake yi. Dattijo mai kunya ba zai buɗe baki a gaban mutane ya ce yana cikin damuwa ba, sai an fito hanya, kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon idon wani, sannan ka ji ya ce, “Dama...” Duk na san wannan. Kawai dai na ga kamar abin gida ne, ba na Doha ba.

Juma'a ta biyu Baba ya dawo, wannan karon da mangwaro. Na karanta masa sabon sakin layi da na ƙara a kan mutuncin ɗan Adam. Ya yaba, ya sha shayi, ya tafi. Juma'a ta uku ma haka, sai dai na lura bai shanye shayin ba, na ɗauka sukari ne ya yi yawa.

Bai fi minti goma da fita ba wani abokin ɗakina ya shigo da bokitin wanki. Bakano ne, direba, irin mutanen da ba su iya ɓoye-ɓoye ba. Ya ajiye bokitin ya tsaya a kaina.

“Barista, wai a garinku ba a raka baƙo ne?”

Na ce me ya faru.

Ya ce, “Mutumin nan sati uku ke nan ina wanki a bakin famfo ina ganinsa. In ya fito sai ya tsaya a bakin get, ya waiwayo, ya cire hula ya duba ciki, ya mayar. Yau har ya dawo rabin tsakar gida, ya sake juyawa. Kai kana nan kana rubuta wa mutanen Abuja yadda za ka ceci talaka.”

Na fita da gudu da takalmin wanka, amma motar Baba ta riga ta bar layin. Na kira shi a waya na ce, “Baba, lafiya dai ko?” Ya ce lafiya lau, babu komai koraa, wato ko kaɗan, in koma in ci gaba da karatuna. Na san ba a waya zai faɗa ba.

Washegari da safe na roƙi wani ya riƙe min ƙofa, na hau mota zuwa Abu Hamour. Na same shi a bayan rumfunan albasa yana jera akwatunan tumatir a mota, gumi ya jiƙa masa takunkumi. Da ya gan ni sai ya tsaya da akwati a hannu.

“Lauya, lafiya da safen nan?”

Na ce, “Lafiya lau, Baba. Rakiya na zo yi maka.”

Ya kalle ni na ɗan lokaci, sannan ya miƙo min akwatin ya ce in sa a can gefe. Muka gama lodi tare, na shiga gaban mota. Muka sauke kaya a gidan abinci na farko, muka sauke a na biyu, yana ta ba ni labarin yadda farashin lemon tsami ya haukace. Ni dai ina kallon titi. Sai da muka fito daga na uku ya samu inuwar wani bango ya tsaya, ya kashe mota. Ya cire hula, idonsa a kan sitiyari.

“Dama, Lauya, wani ƙaramin takarda ne yarinyana ya aiko. Mai ɗakina ne ba shi jin daɗi.”

Takardar ta yi laushi saboda gumi, wurin ninkin har ya fara tsagewa. Na karanta sau biyu. Ciwon daji ne, ya riga ya bazu, kuma likitan ya rubuta a ƙasa cewa yana da kyau iyali su kasance kusa da ita. Na duba ranar da aka rubuta, na ga ta girmi Juma'ar farko da kwana biyu kacal. Wato da zafinta ya kawo min ita.

Ya ce, “Mi ya ce?”

Duk Turancin da na kwashe sati uku ina gogewa bai amfane ni da komai ba a wannan lokaci. Na ce, “Baba, likita ya ce ka je gida.”

Ya ce, “Na sani. So nake wani mai karatu ya faɗa min da baki.”

Daga nan ya ba ni labarin fasfo. Sau biyu ya yi wa kafil magana, shi kuma ya ce ya bari tukuna, sauran direbobinsa biyu sun maƙale a ƙasarsu saboda rufe iyakoki, in Baba ya tafi wa zai ja mota. Kullum amsar ita ce bukra inshallah, wato gobe. Nan take jinin lauya ya motsa min. Na ce doka ta hana a riƙe wa ma'aikaci fasfo, mu tafi ofishin ƙwadago yanzu-yanzu. Baba ya girgiza kai ya ce shekara goma sha ɗaya yana cin abinci a ƙarƙashin mutumin nan, ba zai fara da kai ƙara ba. Ya ce, “Ba mugu ba ne, Lauya. Mantuwa gare shi idan abin ba nasa ba ne.”

Sai muka fara da wasiƙa. Na zauna na rubuta ta da Larabcina na Islamiyya, na cika ta da girmamawa. Muka kai masa shago, ya karanta yana murmushi, ya tambaye ni ko ni limami ne, don ya ce tun kakansa bai ji irin wannan Larabcin ba. Sannan ya dafa kafaɗar Baba ya ce bukra inshallah. Kwana biyu muka jira, goben ba ta zo ba. A rana ta uku na ce wa Baba zuwa ofishin nan ba cin amana ba ne, ba kuma za mu ce a hukunta kowa ba, kayansa kawai zai nema. Ya ce to, amma in zan yi magana a can kar in ɗaga murya.

Muka bi layi a ofishin ƙwadago, kowa a tsaye kan alamar da aka manna a ƙasa. A kan layin nan ne na tuna ranar ce wa'adin ƙungiyar Abuja ke cika. Na ciro waya na tura musu rubutun yadda yake, da kunnen waɗanda ba a saurara da komai. Da aka zo kanmu na yi bayani a hankali kamar yadda Baba ya ce, jami'in ya ɗauki lamba ya buga waya a gabanmu. Washegari kafil ɗin da kansa ya zo kasuwa da fasfo a ambulan, da tikitin jirgi, da kwalin dabino ya ce a kai wa mara lafiya. Ya ce, “Khalas, yalla, je ka ga matarka.” Har yau ban san yadda zan ajiye mutumin nan a raina ba.

Saura gwajin korona da jiran jirgi, don a lokacin jirage ba su da yawa. Daga ranar da na je kasuwa zuwa ranar da Baba ya tashi, kwana goma sha biyu aka yi.

Ya same ta da rai. Kwana tara suka yi tare. A na goma ya kira ni ina bakin aiki, na'urar zafi a hannuna. Ya ce, “Lauya, ya rasu jiya bayan la'asar. Na same shi da hankalinsa, ya gane ni, har ya sha koko daga hannuna. Na gode, Allah ya yi maka albarka.” Na yi masa ta'aziyya, na ajiye waya, na ci gaba da duba kore a wayoyin mutane. Amma kaina lissafi ɗaya yake yi. Daga Juma'ar farko zuwa ta uku kwana goma sha huɗu ne. Da na saka takalmi tun ranar farko, da kwana ashirin da uku ya yi da matarsa, ba tara ba. Na san rai na Allah ne, ba ni na rage mata kwana ba. Nasa kwanakin ne na rage, kuma wannan ya tsaya min a zuciya.

Bayan wata biyu ƙungiyar ta aiko min da amsa mai ladabi cewa ba a dace ba, in sake gwadawa baɗi. Ban ji haushi sosai ba. Da ni ne su, da ni ma ban ɗauki mai wannan rubutun ba.

Baba ya dawo Doha bayan wasu watanni, don yana da yara a makaranta. Ya rame, amma ya koma zuwa ranar Juma'a da ledarsa. Ni kuwa sai na zama sarkin rakiya. In ya miƙe na riga shi saka takalmi, in kai shi get, in kai shi mota, in tsaya a jikin taga ina jira, har ya gaji ya ce, “Lauya, koma haka, yau babu komai.” Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban taɓa ce masa na san abin da na jawo ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.

Shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya a Qatar ƙungiyar ta sake buɗe gurbin. Wannan karon tambayar da suka ba da ita ce, mutum ya ba da labarin lokacin da ya gaza wa wanda ya dogara da shi. Suna da ƙa'ida kuma, in za ka ba da labarin wani sai da izininsa. Na tambayi Baba, amma na yi wayo, na ce labarin fasfo zan rubuta. Ya ce in rubuta, kar dai in sa sunan kafil ɗinsa. Na zauna na rubuta Juma'o'in nan uku yadda suka faru, da shayin da ba a shanye ba, da abin da abokin ɗakina ya ce. Bai kai rabin tsawon na farko ba, kuma babu kalma ɗaya a ciki da sai an duba ƙamus.

Sai ga kira zuwa ganawa ta bidiyo, ranar kuma ta faɗo tsakiyar gasar. Mushairib a lokacin ba masaka tsinke, don a nan layukan jirgin ƙasa suke haɗuwa, mu ma an ƙara mana aikin nuna wa baƙi hanya. Ranar Ghana ke da wasa, 'yan zango sun cika titi da ganguna. Na ari kwat na ɗora a kan wandon gadi, na shige wani ɗan ɗaki da masu shara ke ajiye kayansu, na jingina waya da galan ɗin sabulu.

Su uku ne, shugabarsu wata dattijuwar lauya mai tabarau. Suka yi min tambayoyin doka, na amsa wasu, wasu na yi ta kame-kame. Daga ƙarshe ta cire tabarau ta ce ta karanta rubutuna. Ta ce a ofishinsu minti talatin ake ba kowane mai ƙorafi, akwai fom da ake cikewa, layi kuma har waje, to ina zan sa rakiyata a ciki. Na ce zan cike fom a minti ashirin da biyar, biyar ɗin na ƙofa ne. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, sai ta ce, “Shi dattijon, ka gaya masa abin da ka gaya mana?”

Na ce a'a. Ta dube ni, ta mayar da tabarau, ta rubuta wani abu.

Bayan an gama gasa da 'yan makonni saƙon ya zo, sun ɗauke ni. Mahaifiyata ta sake raba goro. Abokin ɗakina ya ce yanzu sai a nemi wanda za a gadar wa tocila.

Ranar tafiyata jirgin rana ne. Baba ya nemi hutu ya zo tun safe da farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ƙwace ƙaramar jakata, wadda hular lauya ke ciki, ya rataya. A bakin get na ce, “Baba, ka tsaya haka, na gode.” Ya ce mu ƙara gaba kaɗan. A tashar jirgin ƙasa na sake cewa ya koma, ya ce ai ya daɗe bai hau jirgin nan ba. A Mushairib da muka sauka za mu canja layi na ce to nan kam ya isa, ya yi kamar bai ji ba, ya riga ni shiga. Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa har filin jirgi, yana nuna min gine-gine ta taga yana gaya min wanda ya taɓa kai wa albasa.

Muka isa inda marar tikiti ba ya wucewa. Ya sauke jakar ya miƙo min. Na karɓa, na tsaya ina gyara igiyarta, duk da babu abin da ya same ta. Na ce, “Baba, dama...”

Ya ce, “Yauwa. Tun ƙofar gida nake jira.”

Na gaya masa, idona a kan jaka. Na ce sau uku ya zo ɗakina da takarda a hula ban raka shi ba, na san kwanakin da hakan ya ci masa, kuma abin da na rubuta wa mutanen Abuja ke nan, ba labarin fasfo kaɗai ba. Na ce ya yafe min.

Baba ya dube ni. Sannan ya ce, “Sha huɗu. Ni ma na ƙirga, tun a cikin jirgi na ƙirga. Amma Lauya, takarda a hulana yake, baki kuma nawa ne. Sau uku ina shan shayinka, kunya ya hana ni magana, mai ɗakina yana can yana tambayar yara ko na taso. In za a raba kwanakin nan, bakwai naka, bakwai nawa. Naka na yafe tuntuni, tun ranar da ka zo kasuwa ka ɗauki tumatir.” Ya gyara zaman hularsa. “Nawa ne har yanzu nake fama da shi.”

Shekara biyu ina ganin mutumin nan kusan duk Juma'a, ina kai shi har mota, ban taɓa tunanin yana ɗauke da wannan ba. Ni kaina kawai nake ji. Ya miƙo hannu mu yi sallama, na duba allon jirage na ga ina da sauran lokaci kaɗan. Na rataya jakar, na ja akwatina, na ce, “Mu je, Baba, in raka ka tasha.” Ya yi dariya idonsa da ƙwalla ya ce haka za mu yini, ka raka ni in raka ka. Amma bai hana ni ba. Muna tafe yana ba ni labarinta, yadda suka haɗu a gidan suna, da yadda ta ƙi yarda ya sayar da keken ɗinkinta ko da suka shiga matsi. Bai taɓa yi min maganarta haka ba. Ni ne mutum na ƙarshe da ya shiga jirginmu, ma'aikaciyar tana harara ta.

Yanzu shekarar horon ta daɗe da ƙarewa, sun riƙe ni, har nakan zauna a cikin masu tantance sababbin shiga. Na koyi doka sosai a wurin nan, amma abin da na fi amfani da shi kullum daga tsakar gidan Nu'aija na taho da shi. Duk wanda ya zauna a gabana, in mun gama cike fom sai in miƙe in bi shi har get. Abokan aikina suna tsokanata wai har yanzu gadin bai sake ni ba. Da yawa babu abin da suke ƙarawa, godiya kawai su yi su tafi. Amma wasu, muna isa wajen masu sayar da kati a bakin titi sai su rage tafiya, kuma abin da suke faɗa a nan yakan sa in koma in yaga fom ɗin in ɗauki sabo.

Kwana bakwai ɗin da Baba ya ce nawa ne, na karɓi yafiyarsa, amma ban ce na manta ba. Ya koma Kumasi gaba ɗaya yanzu, yana zaune a shagon ɗansa. Duk Juma'a bayan an sauko nakan kira shi. Mu gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata, in tambayi jikoki, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. In ya ce to sai an jima, ba na kashe waya. Nakan riƙe ta a kunne in yi shiru in jira. Yawanci sai ya yi dariya ya ce, “Lauya, koma haka, yau babu komai.” Wata rana kuma sai in ji ya ja numfashi, sai in jawo kujera in zauna.